Amino asid masu samar da kiton

Amino asid masu samar da kiton rukuni ne na amino asid waɗanda idan jiki ya narkar da su suke komawa asetil-CoA ko asetoasetat, sinadaran da hanta ke ƙera kiton da su. Amino asid su ne tubalan ginin furotin, wato sinadarin gina jiki. Abin da ya bambanta wannan rukuni shi ne, ɓangaren da ya koma asetil-CoA ba ya zama sukarin jini a jikin ɗan Adam.

Rabe-rabe

Daga cikin amino asid 20 da ake gina furotin da su, biyu ne kacal kiton kaɗai suke bayarwa: lusin da laisin. Wasu biyar suna bayar da kiton da sukari duka: aisolusin, fenilalanin, tairosin, tiriftofan da tiriyonin. Sauran kuwa ana lissafa su cikin masu samar da sukari.

Tarihi

Masanin kimiyya ɗan Faransa Joseph Louis Proust ne ya fara samo lusin daga cuku a shekarar 1819. Laisin kuma Bajamushe Edmund Drechsel ne ya ware shi daga furotin ɗin madara a 1889.

Aikinsu a jiki

Kiton iri uku ne: asetoasetat, beta-haidroksibutiret da aseton. Hanta ce ke yin su, amma ita kanta ba ta amfani da su. Jini ne ke kai su ga ƙwaƙwalwa, zuciya da tsoka. Hakan na ƙaruwa idan sukarin da hanta ta adana ya ƙare, kamar bayan kwana ɗaya ba a ci abinci ba. Kitse ne ke samar da mafi yawan kiton, waɗannan amino asid kuma suna ƙara nasu kaso. Binciken Oliver Owen da George Cahill na 1967 ya nuna cewa a doguwar yunwa kiton ne ke ba ƙwaƙwalwa mafi yawan ƙarfinta.

A abincin ƙasar Hausa

Jiki ba ya iya yin lusin da laisin, dole sai daga abinci. Gero, dawa da masara, waɗanda su ne cimar yau da kullum a Sakkwato da kewaye, suna da lusin sosai amma laisin ɗinsu kaɗan ne. Wake, nono, nama, kifi da ƙwai ne ke cike wannan giɓi. Shi ya sa fura da nono, ko koko da ƙosai, suka fi tuwo ko kunu zalla gina jiki, musamman ga yaran da aka yaye.

Alaƙa da lafiya

A azumin Ramadan, da yake ana sahur da buɗa-baki, kiton kan ɗan ƙaru ne kawai a jikin mai lafiya. Mai ciwon sukari nau'i na 1 kuwa, idan insulin ya yi masa ƙaranci, kiton na iya taruwa har jini ya yi tsami. Alamominsa sun haɗa da ƙishirwa, yawan fitsari, amai, numfashi mai zurfi da ƙamshin 'ya'yan itace a baki, kuma yana buƙatar asibiti cikin gaggawa.

Akwai kuma cutar gado da John Menkes da abokan aikinsa suka bayyana a 1954, wadda ke hana jariri narkar da lusin, aisolusin da balin. Fitsarinsa kan yi ƙamshi mai zaƙi, kuma in ba a rage masa waɗannan sinadarai a abinci da wuri ba, ƙwaƙwalwarsa na lalacewa.