Ikon Fafaroma da iyakarsa, idan an duba daga Maraɗi

A Sabon Garin Maraɗi mun sha jin ana cewa Fafaroma "sarkin Kirista" ne. Wannan fassara tana da gyara biyu. Na farko mai sauƙi ne: Kiristocin da suka fito daga mishan ta SIM, wadda ta zauna Tibiri tun shekarun 1920, ba sa ƙarƙashinsa; ƴan Katolika kaɗai ke binsa. Gyara na biyu yana kan kalmar "sarki", kuma shi za mu duba a nan.

Ikon dai akwai shi. Ranar 13 ga Maris 2001 Fafaroma Jan Pol na 2 ya raba ƙasar bishof ta Yamai (diocèse), ya kafa ta Maraɗi, wadda ta haɗa da Tawa, Damagaram, Agadas da Difa, ya kuma naɗa mata Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina, bishof na farko. Babu wanda ya jefa ƙuri'a a Maraɗi. Ta wani fannin ma ikon ya zarce na sarki. A ƙarni na 19 Kaura, Galadima, Ƴandaka da Durbi ke naɗa Sarkin Katsina na Maraɗi, kuma suna iya tuɓe shi. Kadinal-kadinal kuwa zaɓe kawai suke yi. Dokar Ikilisiya ta 1983 ba ta ba kowa damar yi wa Fafaroma shari'a ba, sai dai ya yi murabus da kansa, kamar yadda Benedik na 16 ya yi a 2013.

Amma ba kullum haka take ba. A farkon ƙarni na 15 mutum uku ne ke da'awar kujerar. Babban taron Kwanstans (1414-1418) ya zartas a 1415 cewa ko Fafaroma wajibi ne ya bi hukuncinsa, ya tuɓe biyu, ya karɓi murabus ɗin na uku, aka zaɓi Martin na 5 a 1417. Watau an taɓa yin masu naɗi da tuɓewa irin na Maraɗi. Fafaromomin baya ba su yarda abin ya zama gado ba: a 1460 Piyus na 2 ya haramta ɗaukaka ƙara daga Fafaroma zuwa babban taro, sannan taron Batikan na 1870 ya rufe zancen.

Wannan taro na 1870 shi ya ayyana abin da Faransanci ke kira infaillibilité, kuma nan ne mai fassara ke tuntuɓe. "Rashin kuskure" ya yi faɗi da yawa. "Ma'asumi" kuma, da wasu ke arowa daga Musulunci, yana ɗauke da kariya daga zunubi, alhali Fafaroma yana furta zunubinsa gaban limami kamar kowane ɗan Katolika. Abin da aka ayyana ƙunci gare shi: sai ya yi magana da sunan kujerarsa, ga Ikilisiya duka, kan aƙida ko ɗabi'a, da niyyar yanke hukunci. Tun daga lokacin misali ɗaya ne kowa ya amince da shi, na Piyus na 12 a 1950, kan ɗaukar Maryamu zuwa sama. A ganinmu gara a fassara da jimla cikakkiya da a tilasta kalma ɗaya.

Inda iyakar ta fi bayyana gare mu, masu nazarin harshe, shi ne harshen ibada. A 1963 taron Batikan na 2 ya buɗe ƙofa ga harsunan jama'a bayan ƙarnoni na Latin, ya danƙa wa bishof-bishof na kowace ƙasa amincewa da fassara. A watan da aka kafa ƙasar bishof ta Maraɗi, Maris 2001, Roma ta fitar da umarnin Liturgiam authenticam, ta ce fassara ta bi Latin sau da ƙafa, kuma sai ta tantance kafin a yi aiki da ita. Duk wanda ya taɓa juya doguwar jimlar Latin zuwa Hausa, harshen da ke jera gajerun jimloli, ya san abin da wannan ke haifarwa: rubutu daidai a takarda, baƙo a kunne. A 2017 Fafaroma Faransuwa, cikin Magnum principium, ya mayar da nauyin ga tarurrukan bishof-bishof, Roma ta riƙe tabbatarwa kaɗai. Ga Hausar Maraɗi, Tibiri da Jiratawa, hukuncin farko ya dawo hannun taron bishof-bishof na Burkina da Nijar.