Mai Gadi da Hakkinsa: Darasi Daga Tarihin Zongon Kumasi

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk wanda aka ɗora wa tsaron rayukan jama'a da dukiyarsu, shi ma mutum ne mai ciki da iyali. Tarihin Zongon Kumasi a ƙasar Gana ya nuna mana abin da yakan faru sa'ad da hukuma ta miƙa wa mutum bindiga, sa'an nan ta riƙe masa hakkinsa.

Kalmar Zongo daga zango ta fito, wato masaukin ayari. Tun kafin zuwan Turawa, fataken Kano da Katsina suna zuwa Gwanja sayen goro. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa su, waɗansu kuwa daga baya suka gangaro Kumasi. Amma ba fatake kaɗai suka cika zangon ba, har da sojoji. A shekara ta 1863 wani Bature, Kyaftin Glover, ya kafa rundunar Hausawa a Ikko, da yawa daga cikinsu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu. Irin waɗannan mayaƙa aka kawo yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, da su kuma aka kafa rundunar tsaron Gwal Kwas a 1879. Ana kiransu Hausawa duka, ko da yake akwai Mosawa da Dagombawa da Barebari da Yarabawa a cikinsu, gama Hausa ce harshen bariki. A zamanin nan babu wani babban bambanci tsakanin soja da ɗan sanda. Mutum guda ne yake yaƙi, yake kama mai laifi, yake kuma gadin gidan gwamnati.

A 1896 Ingilishi suka shiga Kumasi, suka kama Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya, suka gina kagara ta dutse a tsakiyar gari. Baƙi daga arewa suka yi ta sauka a inuwarta. A watan Maris na 1900 Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ta Asante. Wannan ya fusata mutanen ƙasar, suka tashi a ƙarƙashin Yaa Asantewaa, suka kewaye kagarar. Cikin waɗanda aka ritsa da su har da Ramseyer, ɗan mishan na Basel, da matarsa. Abinci ya ƙare, mutane suka yi ta mutuwa da yunwa. Ran 23 ga Yuni gwamna ya fasa ya fita da yawancin mutane, ya bar Turawa uku da sojojin Hausawa kaɗan, galibinsu raunana. Waɗannan suka riƙe kagarar har ran 15 ga Yuli, sa'ad da Kanar Willcocks ya iso da gudummawa.

Mai karatu, ka lura da wannan. Sojojin nan sun sha yunwa har waɗansu suka mutu, amma ba su yi bore ba, domin sun ga yunwar ta kama babba da yaro, ba kuwa ubangidansu ne ya jawo musu ita da gangan ba.

Ba a cika shekara ba sai aka ga akasin haka a gari ɗaya. Cikin dakarun da aka kawo domin yaƙin akwai wata runduna daga Saliyo. Yaƙi ya ƙare, amma aka ci gaba da riƙe su a Kumasi, nesa da gida, watanni suna wucewa ba a biya su ba, sai alkawari bisa alkawari. A watan Maris na 1901 mutum fiye da ɗari daga cikinsu suka ɗauki bindigoginsu, suka bar Kumasi, suka nufi Cape Coast a bakin teku. Boren ya ɗauki kamar mako uku. Kafin a kwantar da shi sai da aka zubar da jini, aka kuma ɗaure da yawa daga cikinsu. Abin da mayaƙan Asante ba su iya yi ba, wato su raba sojan da shugabansa, riƙe albashi ya yi shi ba tare da harba ko harsashi ɗaya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Da an koyi darasin, da an huta. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tsofaffin sojojin da suka dawo daga Barma suka tarar da tsadar kaya da rashin aiki, abin da aka alkawarta musu kuwa bai zo yadda suka sa zuciya ba. Ran 28 ga Fabrairu 1948 suka yi jerin gwano a Akra domin su kai kukansu ga gwamna. Wani Baturen 'yan sanda, Imray, ya buɗe wuta, mutum uku suka mutu: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzoma ta ɓarke, ta bazu har Kumasi. Daga nan mulkin mallaka bai ƙara tsayawa da ƙafafunsa sosai ba, har Gana ta sami 'yanci a 1957.

Bayan 'yanci ma labarin bai sake ba. Kanar Kotoka, wanda ya jagoranci juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966, shi ne shugaban rundunar da hedkwatarta take Kumasi, abokin shirinsa kuwa shi ne shugaban 'yan sanda, Harlley. Dalilan juyin suna da yawa, amma cikin koke-koken sojoji har da yagaggun kayan sarki da ƙarancin takalma, alhali kuwa dakarun da suke gadin Shugaba Nkrumah suna cikin wadata. A 1971 gwamnatin Busia ta rage kuɗin soja da alawus ɗin hafsoshi, ta kuma karya darajar sidi a watan Disamba. Ran 13 ga Janairu 1972 Kanar Acheampong ya hamɓarar da ita. Ba mu ce kuɗi kaɗai ne sanadi ba, ba kuwa muna wanke masu juyin mulki ba ne. Amma mai kwaɗayin sarauta yakan sami mabiya da sauƙi a barikin da tukunya ba ta tafasa.

To, wa yake fara ɗanɗana kuɗarsa? Talaka ne, musamman baƙo. Ɗan sandan da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba ya iya zuwa fadar gwamnati ya karɓi hakkinsa da ƙarfi. Wanda yake iya tarewa shi ne direban motar goro, da mai koro shanu, da mai ɗaukar kaya a kasuwa, irin sana'o'in da aka san mutanen Zongo da su. Mutanen Zongo sun kuma san yadda ran baƙo yake rataye a hannun mai kaki, gama a watan Nuwamba na 1969 aka ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Hatsarin bai tsaya ga talaka ba. Hannun da ya saba karɓa daga mai goro ya bar shi ya wuce, wata rana zai karɓa daga mai ɗauke da makamai ya bar shi ya wuce. Najeriya ma ta ga nata, sa'ad da ƙananan 'yan sanda suka yi yajin aiki a watan Fabrairu na 2002 saboda haƙƙoƙinsu da aka riƙe. A Gana kuwa, da aka fara sabon tsarin albashin ma'aikata a 2010, 'yan sanda aka fara ɗorawa a kai.

Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan wannan ba. Cikin Luka 3:14 sojoji sun tambayi Yahaya Maibaftisma abin da za su yi, ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya umarce su su dogara ga albashinsu. Wannan umarni yana da ƙafa biyu. Yana kama mai kaki, gama talauci ba ya halatta zalunci. Yana kuma kama mai biya, gama ba a cewa mutum ya dogara ga abin da ba a ba shi ba. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta hana a kwana da hakkin ma'aikaci matalauci, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo. Yakubu 5:4 ya nuna kukan wanda aka danne wa lada yana kaiwa ga Ubangiji. Matiyu 28:11-15 kuwa ya ba mu labarin masu gadin kabarin Yesu, waɗanda aka saye su da kuɗi suka baza ƙarya. Mai gadin da za a iya saye, ko gaskiya ma ba ta tsira a hannunsa ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, akwai aiki a gabanmu. A ikilisiyoyinmu akwai 'yan sanda da sojoji da matansu da gwaurayensu. Mu san halin da suke ciki, mu taimaka musu tun wahala ba ta kai su ga jaraba ba. Kada mu zagi mai karɓar hanci alhali mu ne masu miƙa masa. Wanda yake da mai gadi a gida, ko a makaranta, ko a majami'a, ya biya shi a kan kari, ya kuma biya shi abin da zai riƙe iyali. Shugabannin ikilisiya su faɗa wa hukuma gaskiya cikin ladabi, cewa albashin mai tsaro bashi ne a wuyanta. Mu kuma yi ta addu'a domin masu mulki da masu tsaro. Kagarar Kumasi tana nan har yau, an mai da ita gidan tarihin soja. Allah ya ba mu kunnen jin abin da take koya mana. Amin.