Rumbun Wutar Lantarki

Manomi ya san amfanin rumbu. Hatsi ba ya samuwa kullum, saboda haka ake tara shi da kaka don a ci da bazara. To, wutar lantarki ma, wadda muke kira kuran, tana da nata rumbu. Sunansa batir.

A ƙarshen shekarar 1852 wani Bajamushe mai yawon duniya, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya sauka a Gure, babban birnin ƙasar Muniyo. A lokacin Koso ne Muniyoma. Babu kuran a Gure, kuma babu shi a gidajen ƙasarsu Barth ɗin. Kowa da fitilarsa ta mai. Shekara bakwai bayan wannan ziyara, watau a 1859, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya tsoma fallayen darma cikin ruwa mai cin fata, irin wanda yanzu muke ce wa ruwan batir. Sai ya ga abin yana riƙe wuta. In ta ƙare a sake cika shi, ya sake bayarwa. Kafin shi akwai batirin da Volta, mutumin Italiya, ya ƙera a 1800, amma shi ba a sake cika shi. Batirin mota na yau jikan na Planté ne.

Nijar ta daɗe da sanin ajiyar wuta. A 1965 aka kafa ofishin binciken ƙarfin rana a Yamai, wanda Farfesa Abdu Mumuni ya shugabanta shekaru da yawa. A 1968 aka kafa kamfanin NIGELEC. A wannan shekara kuma aka gama madatsar ruwa ta Kainji a Nijeriya. Daga 1976 wuta ta fara zuwa Yamai ta hanyar Birnin Kebbi. Daga baya aka ja wata waya daga Katsina zuwa Gazawa, ta rabu zuwa Maraɗi da Damagaram.

Amma wutar da ta fito daga nesa, makunninta yana hannun wani. An ga haka ƙarara a 2023. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar a farkon Agusta. A lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga can take zuwa. Ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Cikin waɗannan watanni mai batir da faifan rana ya san ya yi dabara.

Ina ruwan kwamfuta da wannan labari? Ruwanta babba ne. In kuran ya ɗauke, fanka tsayawa kawai take yi, in ya dawo ta ci gaba. Kwamfutar tebur ba haka take ba. Abin da ake rubutawa, in ba a riga an adana shi ba, ya tafi ke nan. Sunayen 'yan makaranta ne, ko lissafin ƙungiyar manoma, ko takardar da mutum ya taso tun daga ƙauye don a buga masa, sai a sake daga farko. Wani lokaci ma ma'ajiyar cikinta ce ke lalacewa, aikin shekara ya salwanta.

Shi ya sa aka ƙera wani ɗan akwati da ake sa wa tsakanin bango da kwamfuta. Da Faransanci ana ce masa ondiler, a Nijeriya kuwa UPS. In ka buɗe ƙarami za ka tarar da batirin darma mai bolt 12, irin dai na Planté, sai dai an rufe shi ruf don kada ruwan ya zuba. Kuran na ɗaukewa, kafin ƙiftawar ido akwatin ya karɓi aikin, yana ƙara don a sani.

Nan ne masu saye suke ruɗewa. Wannan rumbu ƙarami ne. Ba a yi shi don a wuni ana aiki ba. Mintoci kaɗan yake bayarwa, don ka adana aikinka, ka kashe kwamfuta a tsanake. Wanda yake son aikin awa huɗu ko biyar sai ya nemi manyan batura da faifan rana, wannan kuwa wani kuɗi ne dabam.

A jikin akwatin akwai lamba, misali 650 VA ko 1000 VA. Kada a ɗauka wannan shi ne yawan wat. A ƙananan, wat ɗin wajen kashi 60 cikin 100 ne na lambar. Mai 650 VA bai kai wat 400 ba. Ya isa kwamfuta ɗaya ta ofis da allonta. In aka ƙara masa injin buga takarda mai zafi, ko firji, an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Ya kyautu kuma a tambayi mai shago ko akwatin yana daidaita wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama, don a garuruwanmu rawar wuta ta fi ɗaukewarta ɓarna.

Babban abokin gaban batir a Gure shi ne zafi. Masu ƙera shi sun auna ƙarkonsa ne a digiri 25, inda yakan yi shekara uku zuwa biyar. In zafi ya ƙaru da kamar digiri 10, kwanansa ya ragu da rabi. Ga shi kuwa a watan Afirilu da Mayu zafinmu yakan wuce digiri 40. Saboda haka a aje shi inda iska ke shiga, nesa da taga mai rana, a riƙa share masa ƙura, musamman da hunturu. Kada a sayi wanda ya daɗe a shago, don batir yana tsufa ko ba a taɓa shi ba. In ya mutu, batirin kaɗai ake canzawa, ba akwatin duka ba. Tsohon kuma kada a bar wa yara su fasa, don darma guba ce.