Sarƙa ta Biyu: Tarihin Wani Ƙarfe da Keken Daura Bai Buƙata Ba

Keken da ya cika hanyoyin ƙasar Daura a ƙarnin da ya wuce, daga Zango zuwa Baure, daga Sandamu zuwa kasuwar Mai'adua, baƙin keke ne mai nauyi, mai kariya a baya. Na Raleigh daga Nottingham ta Ingila ne ya fara yin suna, har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano, kafin Phoenix na ƙasar Sin ya shigo da araha. Da shi malamin makaranta ke zuwa aiki, da shi ɗan kasuwa ke kai buhun gero Kwangwalam. Idan tafiyar ta mutum biyu ce, sai a yi goyo: ɗaya na tuƙi, ɗaya na zaune a kariya, nauyi ne kawai.

Turai ta bi wata hanyar. Bayan da John Kemp Starley ya fito da kekensa Rover a Coventry a 1885, mai taya biyu kusan kai ɗaya da sarƙa zuwa tayar baya, kuma John Boyd Dunlop ya kawo tayar iska a 1888, maƙera suka tsawaita jikin keken, suka ƙara sirdi da feda, domin na baya ma ya sa ƙarfinsa. Wannan shi ne tandam. A shekarun 1890 ya zama abin yayi, ya shiga gasar Olamfik a Landan a 1908, aka yi tserensa na ƙarshe a Munich a 1972.

Sai dai ƙarin fedar ya haifar da matsalar da mai gyaran keke na Daura zai gane nan take. Sarƙa takan saki da tsufa, domin ƙusoshin gaɓoɓinta suna cinyewa. A baƙin keke maganin mai sauƙi ne: a sassauta notin tayar baya, a ja ta baya kaɗan, a ɗaure. Tandam kuwa yana da sarƙa ta biyu, wadda ta haɗa fedar gaba da ta baya, kuma mazaunan fedojin nan biyu a jikin ƙarfe ɗaya suke, babu wanda ke matsawa. Cire gaɓa ba ya wadatarwa. Tsawon kowace gaɓa rabin inci ne, milimita 12.7, kuma bibbiyu ake cire su, ta ciki da ta waje. Sau da yawa sarƙar ta yi sako-sako kafin a cire, in an cire kuma ta kasa haɗuwa.

Mafitar ta fito ne daga wata tsohuwar dabara da injinan tururi suka daɗe suna aiki da ita: da'irar da aka huda ba a tsakiyarta ba. A tandam, ana yin gidan fedar gaba da faɗi fiye da na sauran kekuna, a zura masa wani curin ƙarfe, yawanci na alminiyam, wanda ramin sandar feda ke gefensa. Turawa na kiransa esentirik. In an juya curin, sandar fedar sai ta matsa gaba ko baya da 'yan milimitoci, sarƙar ta ɗame. Ba a buƙatar tazara mai yawa. Tun da cire gaɓa biyu yana rage nisan fedojin da rabin inci ne, curin da ke iya tafiyar kimanin rabin inci ya rufe giɓin gaba ɗaya.

Abin da maƙera suka daɗe suna gardama a kai shi ne yadda za a riƙe curin kada ya juya da kansa, ga ƙafar mutum na taka shi da ƙarfi. Wasu sukan tsaga gidan daga ƙasa su matse shi da noti, hanya mai aminci, amma tsagar ƙofa ce ga ruwa da ƙasa. Wasu kuma sukan huda gidan su ɗaura ƙusoshi masu tsini su cije curin. Wannan ta fi sauƙin ƙira, kuma ita ce mafi rauni, domin tsinin yana barin tabo a alminiyam, gobe in an so matsawa kaɗan sai ƙusar ta zame ta koma tsohon tabonta. Ta uku ita ce curi mai buɗewa daga ciki idan an ɗaure noti guda. Tana da tsabta, amma in ta shekara ba a taɓa ta ba takan kafe, sai da guduma.

Ɗaurawar ma tana da ƙa'ida. A shafe curin da giris kafin a zura shi, in ba haka ba zai riƙa ƙara, ko ya manne da gidansa. A jera fedojin biyu su fuskanci wuri ɗaya kafin a haɗa sarƙar, don kada ƙafafun mahayan su yi karo. Sannan a juya feda a nemo inda sarƙar ta fi ɗamewa, tun da babu farantin haƙoran da ke da cikakken zagaye, a bar mata ɗan wasa a nan. Kuma da yake juyin yana ɗaga sandar ko sauke ta, mahayin gaba sai ya sake daidaita sirdinsa. Da a ƙasar Daura ne, da ƙurar hunturu ta sa wannan aiki ya zama na kowace shekara.

Ba a rasa gwanintar yin haka ba a rumfunan gyaran keke. Buƙatar ce ba ta taso ba. Keken da 'yan kasuwa suka shigo da shi na dako ne, kuma dogon tandam ba ya ɗaukar buhu fiye da shi, ga tsada, ga wahalar juyawa a lungu da rairayi. Da babur ya yawaita, goyo ya koma kansa.

Wuri ɗaya ne tandam bai da madadi har yau. A gasar nakasassu ta Paralamfik, mai larurar gani yana hawa baya yana taka feda, mai gani na gaba yana riƙe da kan keken. A kariyar baƙin keke, makaho kaya ne da ake kaiwa. A sirdin bayan tandam, rabin ƙarfin tafiyar nasa ne, kuma wannan sarƙa ta biyu ce ke haɗa ƙafarsa da ta abokin tafiyarsa.