Ganuwar Zariya da Gardamar Sarauniya Amina

Ganuwar birnin Zariya na cikin kayan tarihin da dokar Nijeriya ta ba kariya, ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979. Da jar ƙasa aka gina ta, ramin da aka haƙo ƙasar kuma ya zama gwalalon da ya kewaye ta daga waje. Ƙofofinta, irin su Doka, Kibo, Gayan, Kona da Kuyambana, har yau da su ake kwatance a gari.

Duk sanda wani sashe ya zube, sai a ji ana kukan ganuwar Amina ta rushe. To, nan gizo ke saƙa. Littafin Tarihin Kano ya sa Amina a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci ƙasa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Zage-zagin da suka kafa Abuja, wato Suleja ta yanzu, suka ce a'a, 'yar Bakwa Turunku ce, mai mulkin wajen 1536. Shi kansa Bakwan, har yau ba a daddale ko namiji ne ko mace ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci Amina a littafinsa Infaƙul Maisuri, amma jerin sarakunan Zazzau bai kawo sunanta ba.

In aka bi ruwayar Kano, Amina ta girmi birnin, domin sai a zamanin Bakwa aka taso da fada daga garin Turunku zuwa Zariya. Ruwaya ta biyu ta fi zama daidai da kafuwar garin, sai dai ko ita ba ta isa hujjar cewa mutum ɗaya ya ja wannan katanga ba. Ganuwar ƙasa ba a gama ta: damina ta zaizaye, da rani sarki ya tara gayya a sake yaɓe, wani sarkin ya zo ya faɗaɗa. Ga kuma kufan wata tsohuwar ganuwar a gindin dutsen Kufena.

Bayan shigowar Turawa a 1902 gayyar ta mutu. Aka faɗaɗa ƙofofi saboda motoci, magina suka riƙa ɗibar ƙasar, gidaje suka hau inda ta kwanta, dokar kariya kuwa ta tarar da ɓarnar ta riga ta yi nisa.