Yaron da ba ya magana, shi ma zai iya koyon kimiyya

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, na yaran da ke da galahanga, wato lalurar da likitoci ke kira otizim.

A 1943 ne wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya yi rubutu kan yara 11 da ya lura ba sa cuɗanya da mutane, kuma ba sa son a sauya musu abin da suka saba. A Najeriya kuwa, ilimin masu buƙata ta musamman da makafi da kurame ya faro, kamar makarantar makafi ta Gindiri da aka buɗe a 1953. A 1977 aka sa shi cikin manufar ilimi ta ƙasa, a 2019 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu wariya. Amma mai galahanga fa? Daga Kurfi har Dutsin-Ma, sau tari sai ka ji an ce aljanu ne, ko daƙiƙi ne, a bar shi gida.

To ku ji labarin Temple Grandin, wadda aka haifa a 1947. Ta haura shekara 3 ba ta magana. Malaminta na kimiyya, William Carlock, ya gane da ido da hannu take fahimta, sai ya bi da ita ta nan. Ta zama farfesar kimiyyar dabbobi a jami'ar jihar Kolorado. Ba kowane yaro zai zama farfesa ba, amma dabarar tana aiki.

Kuma ba ta buƙatar dakin gwaji. Malam, ɗebo ruwa a roba, ko na dam ɗin Zobe ne. Kawo dutse da karan dawa. Yaron ya jefa da hannunsa: dutse ya nutse, kara ya taso. Kalma biyu kacal, da hoton kowanne. Gobe a maimaita a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, ba hayaniya. In ba ya magana, ya nuna hoto, amsa ce.

Dutsin-Ma na da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga jami'ar tarayya tun 2011. Ɗalibai masu shirin zama malamai, irin wannan yaro zai zauna a ajinku. Ku fara shiri tun yanzu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.