Jin Taɓawa da Sanin Matsayin Gaɓoɓi a Wurin Masu Lalurar Otizim

Otizim, wadda wasu ke kira galahanga, lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma, kuma alamunta kan bayyana tun yaro yana ƙarami. Likita Leo Kanner na Amurka ya yi bayaninta a 1943, bayan ya yi nazarin yara 11. Ban da matsalar magana da cuɗanya da jama'a, masu lalurar da yawa suna jin abubuwa a jikinsu ba kamar yadda sauran mutane ke ji ba. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya wannan cikin alamun da ake dubawa.

Jin taɓawa

Fata ce ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon zafi, sanyi, kaushi ko laushi. Wani yaron yakan ji saƙon fiye da kima, ta yadda aski, kitso, yankan farce ko ɗinkin sabuwar riga za su zame masa azaba. Wani kuma jinsa ya yi ƙasa, yana iya taka ƙaya ko garwashi bai yi kuka ba. Irin wannan yaro yana bukatar a riƙa duba jikinsa a kai a kai.

Sanin matsayin gaɓoɓi

A cikin tsoka da mahaɗar ƙasusuwa akwai jijiyoyin da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda hannu ko ƙafa take, ko da ido bai gani ba. Da wannan ne mutum ke kai loma baki cikin duhu. Idan saƙon bai isa daidai ba, sai a ga yaro yana yawan tuntuɓe, yana karo da bango, yana danna alƙalami har ya huda takarda, ko ya rungumi ɗan'uwansa da ƙarfin da ya wuce kima.

An lura cewa wasu da ke gudun taɓawa mai sauƙi sukan sami natsuwa idan an matsa jikinsu. Temple Grandin, masaniyar kiwon dabbobi a Amurka wadda ke da lalurar, ta ga yadda shanu ke lafawa idan an matse su a kejin allura, sai ta ƙera wa kanta makamancinsa tana 'yar shekara 18.

Aikin ma'aikacin jinya

Akwai ƙwararrun da aikinsu shi ne koya wa mai lalura gudanar da ayyukan yau da kullum, kamar sa tufafi, cin abinci, wanka da rubutu. Ɗaya daga cikinsu, Jean Ayres ta Amurka, ta wallafa hanyarta ta horar da jin jiki a 1972. Ma'aikacin kan fara da gano abin da yaron ke gudu da abin da yake nema, sannan ya tsara masa wasanni, kamar lilo, tura kaya masu ɗan nauyi da wasa da yashi ko laka. Yakan kuma ba iyaye shawarar sauya tufafi masu kaushi, da sanar da yaro kafin a taɓa shi. Wannan jinya ba ta kawar da otizim, tana dai sauƙaƙa rayuwa, kuma amfaninta ya bambanta daga yaro zuwa yaro.

Kira ga jama'a

Halin irin waɗannan yara ba taurin kai ba ne, don haka duka ko ɗauri ba ya gyara su. Haka nan kada a naɗe yaro cikin bargo mai nauyi, domin yana iya toshe masa numfashi. Ana kira ga iyaye da su kai yaron asibiti mafi kusa domin a tura su wurin ƙwararru, kamar na asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri. Dagatai, masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi su sani cewa dokar da aka sanya wa hannu a 2019 ta haramta nuna wariya ga masu nakasa a Nijeriya.